An sauke labulen Phantom a Broadway: wa ya kashe shi?

Anti Ladi (New Jersey): Barkanmu da safiya, masu azumi sannunku da ibada. To, ta faru ta ƙare. Jiya Lahadi 16 ga Afrilu 2023 aka yi wasan ƙarshe na The Phantom of the Opera, wasan waƙa kan Fatalwan gidan opera, a gidan wasa na Majestic da ke Broadway, unguwar manyan gidajen wasan daɓe na New York. Tun 26 ga Janairu 1988 ake yin sa a wannan gida ɗaya, wasa 13,981. Na jiyan kusan duk sai wanda aka gayyata, don haka ni na daren Asabar na samu. Kada wanda ya tambaye ni kuɗin tikiti, Baban yara yana cikin wannan zaure. Tun kafin a kashe fitilu matar da ke gefena take share hawaye. Da aka yaye ƙyallen da ke kan babbar fitilar nan ta fara tashi sama a kan kawunanmu, mutane suka miƙe tsaye suna tafi, ga shi ko waƙa ɗaya ba a yi ba tukuna. Har yanzu muryata ba ta dawo ba.

Ɗan Zongo (Bronx): Anti, ni jiya na sauke fasinja kusa da titi na 44 da yamma, wallahi da ƙyar na fita da mota. Jama'a sun cika bakin ƙofa, wasu da baƙar alkyabba da farin abin rufe rabin fuska. Na ga wata dattijuwa riƙe da kwali ta rubuta tana roƙon tikiti ko ɗaya. Ba ta samu ba ina jin, don da na sake zagayowa bayan na sha ruwa tana nan tsaye.

Baban Khalifa: Ikon Allah. Goman ƙarshe na Ramadan, mutane na neman Lailatul Ƙadri, ku kuna makokin fatalwa.

Admin: Alhaji, zauren masoya wasan daɓe ne, kai ma da ƙafarka ka shigo. Mun yi tahajjud, mun yi sahur, yanzu a bar mu mu yi hirarmu.

Baban Khalifa: Na ji. To ni tambayata ta 'yan kasuwa ce. Abin da ya shekara 35 yana kawo kuɗi, kuma ga shi kun ce mutane har roƙon tikiti suke, me ya sa za a rufe? Ko dai rigimar gado ce?

Malam na Samaru: Ba rigima ba ce, Alhaji, lissafi ne. Mai ɗaukar nauyin wasan, Cameron Mackintosh, shi da bakinsa ya faɗa cewa bayan korona kuɗin tafiyar da shi ya kai kusan dala dubu 950 a kowane mako. Kowane mako fa. Albashin 'yan wasa, makaɗa, masu ɗinki da guga, masu jan igiya a bayan labule, hayar gida, talla. Kuma wasa ne da ya dogara da baƙi 'yan yawon buɗe ido, don mazauna New York da yawa sun riga sun gani tuntuni. An rufe gidajen Broadway gaba ɗaya ranar 12 ga Maris 2020, Phantom bai dawo ba sai Oktoban 2021, baƙin kuma ba su dawo yadda ake so ba. Makon da aka sayar da tikitin da bai kai kuɗin da aka kashe ba, asara ce, kuma irin waɗannan makonni suka yi ta yawa. Shi ya sa a Satumban bara suka sanar za su rufe ranar 18 ga Fabrairu. Sanarwar ce ta ta da mutane, aka yi ta rububin tikiti har suka ƙara wa'adi zuwa Afrilu. A makonnin nan na ƙarshe sun riƙa samun sama da dala miliyan 3 a mako.

Baban Khalifa: Tsaya in buga. Dala dubu 950 a farashin Wapa na Afrilun 2023 ya haura naira miliyan 700. A mako guda! Don a yi rawa da waƙa! Amma Malam, ai ka ba ni amsa da kanka. In suna samun miliyan 3 suna kashe ƙasa da ɗaya, wane mahaukaci ne zai rufe shago?

Malam na Samaru: Wanda ya san cewa cinikin na ban kwana ne. Da sun ce sun fasa rufewa, wata biyu ya isa kujerun su koma wayam.

Ummi: Ni dai ku yi haƙuri, ba na cikin masu kuka. Na kalli wanda aka ɗauka a zauren Royal Albert Hall na Landan a 2011, na kalli fim ɗin 2004, waƙoƙin suna da daɗi, ban musa ba. Amma labarin fa? Mutum ya laɓe a bayan madubin ɗakin yarinya marainiya mai suna Christine, ya yaudare ta cewa shi ne mala'ikan da mahaifinta ya yi alkawarin aiko mata, ya ja ta zuwa ƙarƙashin ƙasa, ya shaƙe mutum biyu har lahira, a ƙarshe ya ce ko ta zauna da shi ko ya kashe saurayinta. Sannan a ce mu tausaya masa don fuskarsa ta lalace? Da a nan ne sunansa mai garkuwa da mutane.

Ɗan Zongo: 😂😂 Ummi ta zo da wuƙa.

Anti Ladi: Ummi ƙanwata, ba wanda ya ce mutumin kirki ne. Wasan ma bai ce haka ba, ai a gaban idonki yake kisan. Abin da ke sa mutane kuka shi ne ƙarshen. Yana da iko a kanta, igiya tana wuyan saurayinta Raoul, ba mai ƙwatarsu. Ta sumbace shi, mutumin da ya ce ko uwarsa ƙyamarsa take, kuma abin da ta fara sa masa a duniya shi ne abin rufe fuska. Sai ya sake su duka biyun. Ran Asabar da ta dawo ta miƙa masa zobensa ta juya, gidan nan mai kujeru wajen 1,600 ya yi tsit, ana jin shessheƙar mutane. A allon waya ba za ki ji wannan ba.

Ummi: Anti, to ya sake ta, sai a ba shi lambar yabo? Mutum biyun da ya kashe fa, su ba 'ya'yan wasu ba ne? Ni abin da ke damuna, 'yan mata sa'o'ina a TikTok suna cewa da su ne Christine da Fatalwan za su zaɓa. Irin tunanin da ke sa mace ta zauna da mai dukanta ke nan, wai ai so ne ya yi masa yawa.

Malam na Samaru: Ummi tana da magana, kada a yi mata taron dangi. A littafin Gaston Leroux na 1910 da aka ɗauko labarin, mutumin ya fi haka ban tsoro nesa ba kusa ba, kamar gawa aka siffanta shi. Andrew Lloyd Webber mai tsara kiɗan wasan da mai ba da umarni Harold Prince su suka sassauta shi suka mai da abin soyayya, don sun san abin da zai sayu. Ni ina koya wa ɗalibai wasan, amma ban taɓa ce musu labarin ne ƙarfinsa ba. Ƙarfinsa aikin hannu ne. Ku dubi yadda Maria Björnson ta tsara dandamalin: kwalekwale yana tafiya a cikin hazo, kyandirori suna fitowa daga ƙasa, matakalar nan ta farkon kashi na biyu cike da mutane cikin kayan bikin rufe fuska, alhali wasunsu ma gumaka ne aka sa wa tufafi don taron ya yi yawa. Dabarun 1988 ne, da su aka ci gaba har jiya.

Mai Piyano (Zoo Road): Yauwa, yanzu aka zo wurina. Ni ba fitila nake wa kuka ba, ba kwalekwale ba. Makaɗa 27 ne a ramin da ke gaban dandamalin Majestic. Mutum 27 masu rai, kowa da kayan kiɗansa a hannu, sau takwas a mako. Akwai waɗanda tun 1988 suke zaune a wurin, da albashin suka yi aure suka aurar. Yau Litinin sun tashi ba aiki. Kuma in kuna so ku san abin da zai faru nan gaba, ku leƙa Landan. A can aka fara wasan tun Oktoban 1986, kuma har yanzu ana yi. Amma da aka dawo bayan korona a 2021 sai aka rage makaɗan daga 27 zuwa 14, sauran sautin na'ura ke fitar da shi. Ni na san wannan hanyar, don a kanta nake cin abinci. A situdiyonmu ni kaɗai nake zama da piyano in buga kalangu, in buga algaita, in buga goge, duk da yatsa goma. Mai kalangun gaske yana can yana jiran biki. Ranar da Phantom ya dawo New York, kuma zai dawo, ku ƙirga kawunan da ke ramin.

Baban Khalifa: To kai da kanka ka ce kai kaɗai kake aikin mutum goma kuma waƙa tana sayuwa. Me ya sa Bature ba zai yi haka ba? Mai kallo ya san bambanci ne?

Mai Piyano: Alhaji, mai kallo ba zai iya faɗa maka abin da ya ɓace ba, amma jikinsa yana sani. Mai goge yana bin numfashin mai waƙa. In yau ta ja baiti ya yi tsawo, shi ma ya ja. Na'ura abin da aka ɗura mata take bayarwa.

Ummi: Yaya Mai Piyano, tunda ana maganar mai rai da na'ura, bari in ɓata muku rai kaɗan. Kun san babbar waƙar nan mai sunan wasan, wadda suke sauka ƙarƙashin ƙasa, naɗaɗɗiya ce? Har da dogon sautin nan na sama da Christine ke rufewa da shi, wanda ake ta tafi a kai. Baki kawai take motsawa. Kuma mutanen da ake gani suna ratsa gada a farkon waƙar ba ma su ba ne, wasu ne aka sa wa kaya irin nasu. Mu in 'yan Kannywood suka hau waƙar wani suna motsa baki sai a ce ba su iya ba.

Ɗan Zongo: Kai! Da gaske? Anti, a mayar miki da kuɗinki.

Anti Ladi: Gaskiya ne, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne, duk masoyin wasan ya sani. A lokacin 'yan wasan na gaske suna gudu ne a bayan dandamali don su isa inda za su shiga kwalekwale, ba yadda za a yi mutum ya yi wannan tseren yana waƙa. Minti kaɗan ne a cikin wasan da ya haura awa biyu. Sauran da maƙogwaronsu suke yi a gabanka. Kada a haɗa da wanda bai taɓa rera baiti ɗaya ba tun da ya shiga fim.

Mai Piyano: Kuma ko a wurin nan makaɗan suna bin naɗin ne kai tsaye, madugunsu yana sauraron bugun a kunne. Wannan ma gwaninta ce. Amma Ummi, na ba ki rabin maki.

Hajiya Garwa: Salamu alaikum, sai yanzu na ga saƙonni sun taru. Ni abin da ya kawo ni shi ne yarinyar da ta yi Christine ta ƙarshe, Emilie Kouatchou. Duk ɗan Kamaru da ya ji sunan nan ya san daga gida yake. Ita ce baƙar fata ta farko da ta riƙe wannan matsayi a Broadway, ta fara a matsayin mai karɓa a ƙarshen 2021, ta zama ta dindindin a Janairun 2022. Ku lissafa, shekara 33 ana wasa kafin a ga mai irin fatarmu ta dace. Ina murna, amma ina kuma jin haushi. Sai da jirgi ya kusa tashi aka ba mu kujera.

Anti Ladi: Hajiya, ita na gani ran Asabar. Waƙar da take yi a maƙabarta wurin kabarin mahaifinta, sai da aka daɗe ana tafi har madugun makaɗa ya dakata. A ɓangaren maza an ɗan riga, Norm Lewis ya yi Fatalwan a Broadway a 2014.

Malam na Samaru: Kafin shi ma Robert Guillaume ya yi a Los Angeles tun 1990, shi ya karɓi Michael Crawford, wanda ya fara yin Fatalwan. Ga wani abin dariya game da jiya: wanda ya kamata ya yi Fatalwan ƙarshe Ben Crawford ne, rashin lafiya ta hana shi, sai Laird Mackintosh ya hau. Ben ba ɗan'uwan Michael Crawford na farko ba ne, Laird kuma ba ɗan'uwan Cameron Mackintosh mai kuɗin ba ne. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Baban Khalifa: Da a nan ne ba mai yarda. Za a ce ɗan oga aka ɗora.

Ɗan Zongo: Ni Ben ɗin nake tausayi. Ka yi shekaru kana sa wannan robar a fuska kullum, ranar da duniya duka ke kallo rashin lafiya ta hana ka hawa.

Admin: Ga waɗanda ba su ga bidiyoyin da ke yawo ba: bayan an gama, an fito da ma'aikatan bayan labule gaban jama'a aka tafa musu, abin da ba a saba ba. An nuna hotunan waɗanda suka gina wasan suka riga mu gidan gaskiya, Harold Prince da ya rasu a 2019, mai tsara rawa Gillian Lynne a 2018, Maria Björnson tun 2002. Sarah Brightman, Christine ta farko, ta hau dandamali. Fitilar ma an sauko da ita an yi mata tafi. Lloyd Webber kuma ya sadaukar da daren ga ɗansa Nick da ya rasu a watan jiya yana da shekara 43, ciwon daji.

Hajiya Garwa: Allah sarki. Wata ɗaya bai cika ba da binne ɗa, ga kuma wannan.

Ummi: Wannan kam na tausaya masa. Ga sabon wasansa Bad Cinderella da aka buɗe a Maris, masu sharhi sun yi masa kaca-kaca.

Malam na Samaru: Bari in faɗi abin da wataƙila Anti Ladi ba za ta so ba. Ni ina ganin rufewar ta yi daidai. Gidajen Broadway 41 ne kacal. Wasa ɗaya ya riƙe ɗaya daga cikin mafi girmansu shekara 35. Marubuta nawa, mawaƙa nawa suka tsufa suna jiran dandamali irin wannan? Kuma wasan da ya daɗe haka yakan sandare. Duk sabon ɗan wasa da ya shigo, a nuna masa inda wanda ya gabace shi ya tsaya, inda ya ɗaga hannu, kada ya ƙara kada ya rage. Tun Janairun 2006 da ya wuce Cats mai wasa 7,485 ya zama mafi daɗewa a tarihin Broadway, ba abin da ya rage masa ya tabbatar. An zuba dala miliyan 8 a farko, ya kawo sama da biliyan 1.3 a New York kaɗai, ya ci Tony, babbar kyautar wasannin Broadway, har 7 a shekararsa ta farko. Ku tuna Fela! da aka yi kan Fela Kuti, da Jay-Z da Will Smith cikin masu ɗaukar nauyi, ya ci Tony 3, amma daga Nuwamban 2009 zuwa 2 ga Janairu 2011 kawai ya yi, kafin a kawo shi Legas. Wannan shi ne tsawon ran da aka saba gani, kuma ana kiransa nasara.

Anti Ladi: Malam, da girmanka, amma ban yarda ba. Kai kana kallo da idon wanda ya karanta. Ni a layin da na zauna akwai yaro ɗan shekara kamar goma sha biyu da kakarsa. Lokacin da fitilar ta sulmiyo ƙasa a ƙarshen kashi na farko ya duƙe ya rufe kai da hannu biyu, sannan ya ɗago yana dariya yana jijjiga kakar. A wurinsa ba abin da ya sandare. Kowane dare akwai wanda ranar ce farkonsa. Kuma masu shirin sun ce mutum wajen 6,500 ne suka ci abinci a wasan nan tsawon shekarun. Sabon wasan da kake so a ba wa gidan zai iya mutuwa cikin wata uku, kowa ya koma neman aiki.

Malam na Samaru: Zai iya. Shi ma Phantom ɗin a 1988 sabon wasa ne da wani ya matsa masa ya samu wuri.

Mai Piyano: Malam, in sabon zai zo da makaɗa 27, ni ma na yarda a rufe. Amma kai ma ka san da tara ko goma zai zo, da kwamfuta a gefe. Ba wasa ɗaya aka rufe jiya ba, irin wasan da ake ɗaukar mutane da yawa haka ne ake daina yi, don ba mai kuɗin da zai sake yarda ya ɗauki wannan nauyin.

Baban Khalifa: Ni fa har yanzu fitilar nan ce ta tsaya min. Ana sako ta a kan mutane kullum, ba ta taɓa kashe kowa ba?

Anti Ladi: Wayoyin ƙarfe ke riƙe da ita, Alhaji, nauyinta wajen tan guda. Takan sauko ta kan 'yan layin gaba sannan ta karkata ta dira a dandamali.

Malam na Samaru: Ta wasan ba ta kashe kowa ba. Amma a ainihin gidan opera na Paris, a 1896, wani ƙarfen da ke daidaita nauyin fitilarsu ya tsinke ya faɗo ya kashe mutum ɗaya. Daga nan Leroux ya samo abin. Ruwan da ke ƙarƙashin ginin ma akwai shi, babbar matattarar ruwa ce da aka gina tun ana aza harsashi.

Ɗan Zongo: To yanzu wa ya gaji sarautar?

Admin: Chicago, wanda ake yi tun 1996, sai The Lion King na 1997 a bayansa. Chicago sai ya ƙara shekaru masu yawa kafin ya kamo 13,981.

Ummi: Chicago kuma labarin mata biyu ne da suka yi kisa suka zama taurari. Wai su mutanen nan ba su da labarin da ba a kashe kowa?

Hajiya Garwa: Lion King ma ƙane ne ya kashe wansa don sarauta, 'yata. Haƙuri za ki yi.

Admin: Shawara: bayan Sallah mu sa rana kowa ya kalli na Royal Albert Hall ɗin, wanda Ramin Karimloo da Sierra Boggess suka yi, sai mu dawo mu yi muhawarar Ummi da kyau, ko Christine ta yi daidai da ta koma ta ba shi zoben. Malam zai jagoranta. Wanda bai kalla ba kada ya sa baki.

Baban Khalifa: Awa nawa ne? In ya wuce biyu sai dai Admin ya turo min data.

Mai Piyano: Ya wuce, Alhaji. Kuma da abin sauraro na kunne za ka kalla, ba da lasifikar wayar nan taka da ta fashe ba.